Motarka Na Shan Ruwa? Ga Yadda Za Ka Gano Inda Take Yoyo Da Taimakon Wayarka

Idan ka bi hanyar Daura zuwa Katsina ta Mashi, ko ta Kazaure zuwa Kano, da tsakar ranar bazara, da wuya ka kai ƙarshen tafiyar ba ka ga mota a gefen titi an ɗage bonet ba. Direba na tsaye da jarka a hannu, tururi na tashi, fasinjoji sun fake a inuwar bishiya. Haka abin yake ranar Lahadi a hanyar kasuwar Mai'aduwa, inda tsofaffin Golf da Sharan da Peugeot ke ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu. In ka tambayi direban me ya faru, amsar ɗaya ce: “Ai dama tana ɗan shan ruwa.”

Wannan maganar ce ke kashe injina. Lafiyayyar mota ba ta shan ruwa. Ruwan da ke cikin inji a rufe yake, zagayawa kawai yake yi, don haka ana iya yin watanni ba a ƙara ko kofi ɗaya ba. Duk motar da sai an ɗura mata ruwa kowace safiya, to akwai wata kafa da yake bi yana fita. Aikinka shi ne ka gano kafar tun tana ƙarama, kafin wani ya ce maka sai an sauke inji.

Da yawa daga cikin masu bibiyar wannan shafi ba motar kansu suke ja ba. Ta Baba ce, ko ta yaya, ko wadda aka ba su su yi haya su kawo balas. Saboda haka kuskure a nan ba asarar kuɗi kawai yake jawowa ba, har da faɗa a gida. Abin daɗin shi ne wayar da ke aljihunka za ta iya yi maka rabin binciken.

Me ruwan ke yi a cikin inji?

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin fetur ba ya zuwa taya, zafi yake zama a jikin inji, kuma ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa, wanda makanikai ke kira wota-fam, shi ke tura ruwan ta cikin hanyoyin da ke jikin bulok da kan inji. Daga nan ya bi tiyon sama ya shiga lagireto, iska da fanka su sanyaya shi, ya dawo ta tiyon ƙasa. A tsakani akwai tamostat, wata 'yar ƙofa da ke rufe idan inji na da sanyi, ta buɗe idan zafi ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon irin motar. Yawancin ƙananan motoci lita 5 zuwa 7 suke ɗauka.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne murfin lagireto. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100. Amma idan aka matse shi a rufaffen wuri, sai ya wuce haka kafin ya tafasa. Murfin motocin Japan irin su Toyota da Honda yakan riƙe matsi na ba 0.9 zuwa 1.1, na Volkswagen da Peugeot kuma wajen 1.4, kuma sau da yawa lambar na rubuce a jikinsa. Da matsin ba 1, ruwa zalla sai ya kai kusan digiri 120 kafin ya tafasa. Inji kuwa aikinsa na yau da kullum tsakanin 85 ne zuwa 105.

Ka ga ke nan ko 'yar ƙaramar huda illa biyu take yi. Ruwa na raguwa, matsi kuma na zurarewa, sai ragowar ruwan ya tafasa da wuri. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40, iskar da ake so ta sanyaya lagireton ita kanta da zafinta take zuwa. Shi ya sa motar da ta yi ta lallaɓawa da yoyo duk lokacin hunturu sai ta tona asiri da zarar bazara ta shigo.

Fara da kwali da kyamara

Gargaɗi tukuna: kada ka taɓa buɗe murfin lagireto ko na robar ruwa inji na da zafi. Ruwan da ke ciki na iya wuce digiri 100, matsi ne kawai ke hana shi tafasa. Kana sassauta murfin zai yi tsartuwa ya saɓule maka fatar hannu da fuska. Duk binciken da ke ƙasa da safe ake yin sa, kafin a tayar da mota.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Ka faka motar a wuri mai daidai, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da daddare. Yashi na shanye ruwa ya ɓoye shaida, kwali kuwa yana riƙe ta. Da safe ka duba inda ɗigon ya sauka: gaba ne, ƙarƙashin lagireto? Gefen da belt yake? Ko can baya, kusa da inda direba ke sa ƙafa? Idan ruwan fari ne tas, ba kala ba wari, kuma ka yi amfani da esi jiya, kwantar da hankalinka, gumin esi ne. Ruwan inji yakan zo da kalar kulant, kore ko ja ko shuɗi, da ɗan santsi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. In kuma ruwa zalla ake zuba wa motar, za ka gan shi da launin tsatsa.

Gwaji na biyu shi ne robar ajiyar ruwa, wadda ke da layi biyu a jiki, na sama da na ƙasa. Ka ja layi da maka daidai inda ruwan ya tsaya, ka ɗauki hotonsa. Ka riƙa ɗaukar hoton kowace safiya daga wuri ɗaya har kwana huɗu ko biyar, tare da hoton lambar kilomita da ke dashbod. Wayar da kanta tana ajiye kwanan wata da lokaci. Nan za ka gane abu mai muhimmanci: ruwan yana raguwa ne ko mota na ajiye, ko sai an yi tafiya? Wanda ke raguwa sai an yi tafiya, yawanci kafa ce da ba ta buɗewa sai zafi da matsi sun taru.

Sai ka kunna tocilar waya ka bi sawu. Kulant idan ya bushe yana barin fari-farin gari ko ɓawo mai kala a inda ya fito. Ka fara daga sama ka gangaro, domin ruwa na iya fitowa a wani wuri ya bi jikin inji ya ɗiga a wani wurin daban. Inda kanka ba zai shiga ba, ka kunna bidiyo da fitila ka zura wayar, sannan ka kalla a hankali kana zuƙowa. Amma mota a kashe, makulli a aljihu, kuma inji ya huce, domin fankar lantarki a wasu motocin tana iya tashi da kanta ko bayan an kashe inji.

Wuraren da aka fi kamawa

Tiyo da kilif su ne na farko. Matsa kowane tiyo da hannu. Mai lafiya yana da ɗan tauri kuma yana dawowa. Wanda ya yi laushi kamar soso, ko ya kumbura kusa da baki, ko ya yi tauri yana tsattsagewa, ya gama aiki. Wani lokaci kilif ɗin ne kawai ya saki ko tsatsa ta cinye shi. Wayar ɗaure kaya da ake murɗawa a madadin kilif tana yanka tiyon ne a hankali.

Na biyu murfi. Juya shi ka duba robar da ke ciki. In ta tsage ko ta lotse, ko sifirin ɗinsa ya yi sanyi, canza shi da mai lamba iri ɗaya. Shi ne mafi arha a duk kayan, kuma ni a ganina duk wanda motarsa ke rage ruwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba, da shi ya kamata ya fara.

Na uku lagireton kansa, kuma a nan shekarun mota na da tasiri. Tsofaffin Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, lagiretonsu na tagulla ne, mai gyara zai iya like shi da dalma ya ƙara shekaru. Amma Corolla da Accord da sauran 'yan Kwatano na shekarun 1990 zuwa sama, tsakiyar alminiyam ce, sama da ƙasa ko gefe da gefe roba. Robar nan idan ta tsufa sai ta koma ruwan ƙasa ta yi siririyar tsaga, galibi kusa da bakin tiyon sama. Gam na iya riƙe ta na ɗan lokaci, amma roba mai faɗaɗa da tsukewa kullum ba ta zama da gam. Ko a canza robar, ko a canza lagireton.

Masu Golf 3 kuma su leƙa gefen kan inji, inda tiyoyi ke haɗuwa a kan wata mahaɗa ta roba. An san ta da tsagewa da lanƙwashewa, kuma ruwanta kan gangara kan giyabos, sai a yi ta zargin wani wurin.

Wota-fam na da 'yar huda a ƙasansa da aka yi da gangan. Idan abin da ke tare ruwa a cikinsa ya mutu, ta nan yake fara zubar da hawaye, wani lokaci da ƙara kamar ana niƙa. A Peugeot 406 da Accord mai silinda huɗu ta kafin 2003, taimin bel ne ke juya shi, yana ɓoye a bayan murfi. In za a canza ɗaya a canza duka biyun, tunda aikin kwancewar ɗaya ne.

Akwai kuma ɗan ƙaramin lagireton hita da ke cikin dashbod. Mu nan ba mu cika kunna hita ba sai an shiga tsakiyar hunturu, amma a yawancin motoci ruwa na ratsa shi kullum. Alamarsa: kafet ɗin gaba ya jiƙe, gilashi na yin hazo daga ciki, ga ƙamshin kulant a cikin mota. A nan makaniki zai iya haɗe tiyoyin biyu a zagaye hitar gaba ɗaya, kuma a yanayinmu wannan ba laifi ba ne.

In duk ka duba ba ka gani ba, akwai famfon gwaji da ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura iska zuwa lambar da ke kan murfi, inji a kashe. Allurarsa na sauka, ka san akwai kafa, kuma sau da yawa za ka ga ruwan na tsartuwa da idonka. Akwai kuma rini da ake zubawa a ruwan, wanda ke ƙyalli idan aka haska shi da tocila ta musamman mai shuɗin haske. Ba kowane gareji ke da su ba, amma ka tambaya.

'Yar na'urar da ke haɗa mota da waya

Allurar zafi da ke dashbod ba ta faɗin gaskiya duka. A motoci da yawa an tsara ta ta zauna a tsakiya ko zafi ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, don kada direba ya tsorata. Kafin ta motsa sosai, an riga an yi nisa. A wasu tsofaffin motocin ma ta daɗe da mutuwa.

Maganin wannan wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce akwatin ashana ba, ELM327, da ake sokawa a wani soket mai ramuka 16 da ake kira OBD2, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Tana magana da waya ta Bluetooth. Ka sauke manhaja irin Torque ko Car Scanner daga Play Store, ka haɗa su, sai ka ga ainihin zafin ruwan da lamba, kamar yadda kwamfutar motar ke ganinsa. Kana iya sa ƙararrawa ta yi kuka idan ya haura 105. Ka bar motar a tsaye tana aiki ka zuba ido: zafi zai hau, fanka ta tashi, lambar ta sauko. In ta yi ta hawa fanka ba ta motsa ba, ka kama wani ɓarawon.

Tana kuma karanto lambobin matsala. P0217 na nufin inji ya taɓa yin zafi fiye da kima. P0128 na nufin ba ya kai zafin da ya kamata, wato tamostat ta maƙale a buɗe ko an cire ta. P0117 da P0118 na nuni ga sensar zafi ko wayoyinta.

Kafin ka saya ka san iyakarta. An wajabta OBD2 a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Saboda haka Camry ko Accord 'yar Amurka ta 1998 za ta amsa, amma Golf 3, wadda aka daina ƙerawa kafin dokar Turai ta fara aiki, sau da yawa ba za ta amsa wa waɗannan manhajoji ba ko da soket ɗin ya shiga. 504 kuwa ba a ma maganarta. Masu iPhone su nemi mai Wi-Fi ko wadda aka rubuta tana aiki da iOS, domin mai arhar nan ta Bluetooth da Android kawai take jituwa. Ka riƙa zare ta in za a ajiye mota kwanaki, tana tsotsar batir.

Abu ɗaya kuma: na'urar ba ta ganin yoyo, zafi kawai take gani. Idan ruwa ya ƙare sosai, sensar na iya zama a cikin tururi ta nuna lamba ƙasa da gaskiya. In ka ga zafi ya hau sannan ya faɗo haka kawai, kada ka yi murna, tsaya ka duba.

Idan ruwan ciki yake bi

Wannan shi ne wanda kowa ke tsoro. Tsakanin bulok da kan inji akwai gasket da ke raba wuta da ruwa da baƙin mai. Zafi mai yawa na lanƙwasa kan inji, musamman na alminiyam, gasket ya ƙone. Daga nan ruwa ba ya ɗiga ƙasa, cikin silinda yake shiga ya fita ta salansa.

Alamominsa ba sa ɓuya ga mai lura. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ko bayan inji ya yi zafi. Ɗan tururin sanyin safiya a watan Janairu ba shi ba ne. Baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara a jikin geji ko ƙarƙashin murfin mai. Inji na karkarwa da safe na 'yan daƙiƙoƙi. Tiyon sama ya yi tauri kamar an hura taya minti ɗaya ko biyu bayan tayarwa. In ka buɗe murfi inji na da sanyi, aka tayar, sai ka ga kumfa na ta ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa. Wannan ka ɗauke shi a bidiyo.

Na taɓa raka wani abokina gareji da Corolla mai rage ruwa. Ko bonet ba a gama ɗagawa ba aka ce gasket ne. Ya ce a bari ya yi shawara da mai motar. Da muka koma gida muka shimfiɗa kwali, washegari muka bi sawu da tocila, ashe wani ɗan siririn tiyo ne a bayan inji ya tsage. Ba na cewa makanikin mugunta ya yi niyya, wataƙila goma da ya gani kafin mu duk gasket ɗin ne. Amma kana da haƙƙin ka ce, “Oga, don Allah a gwada mini tukuna kafin a kwance.” Akwai gwajin matsin silinda, akwai kuma wani shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin inji na shiga ruwan. In ta tabbata gasket ne, a kai kan injin a auna shi, a goge in ya lanƙwashe, kuma a gyara abin da ya jawo zafin tun farko. In ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon.

Dabarun bakin hanya

Za ka ji ana cewa a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, ko a zuba garin taba, ko a shafa sabulu. Wasu kan toshe hudar na ɗan lokaci, amma abin da ya toshe huda zai toshe siraran bututun lagireto ma. Garin toshe yoyo na kanti shi ma haka: na fitar da kai daga daji ne zuwa gari, ba na zama ba.

Cire tamostat da haɗa fanka dairek sun zama kamar al'ada ga duk motar da ta shigo Arewa. Hujjar ita ce wai don ƙasar sanyi aka yi su. Amma tamostat ba ta hana inji sanyaya, a digiri 90 ai a buɗe take. Cire ta na sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa fetur, ga tsadar mai a yanzu. Mafi muni, yana rufe ainihin matsalar. In ta lalace a sa sabuwa.

Idan allura ta hau kana tsakiyar hanya, kashe esi, ka kunna hita har ƙarshe in tana aiki, ka gangara gefe ka kashe mota. Ka ba ta aƙalla minti 30. Kada ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfe na iya tsagewa. Idan ta huce, ka sa tsumma mai kauri ka sassauta murfin a hankali, ka ƙara ruwa, ka lallaɓa zuwa gari mafi kusa idonka na kan lambar zafi.

Wane ruwa za a mayar?

Gaskiya ne ruwa ba ya daskarewa a Daura, amma ba don sanyi kawai ake zuba kulant ba. Yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa: haɗin rabi da rabi sai wajen digiri 107 yake tafasa ko ba matsi. Ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da ma'adinai da ke barin farin ɓawo, irin wanda kake gani a gindin butar shayi, kuma haka yake taruwa a cikin lagireto. Wasu daga cikin hudojin da muka lissafa a sama tsatsar ruwa zalla ce ta haifar da su. Fiya wata ya fi na rijiya idan an matsu, amma da an isa gida a gyara.

Ka karanta jikin galan. Wani a haɗe yake, zubawa kawai za a yi. Wani kuma sai an sirka shi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbatar ba mai asid aka miƙo maka ba. Kada ka gauraya iri biyu don kawai kala ta yi kama ko ta bambanta. A Volkswagen, misali, haɗa G11 da tsohon G12 na iya yin laka. In ba ka san abin da ke ciki ba, a juye, a wanke, a zuba iri ɗaya. Lokacin sayen kaya, ko a Daura ko an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ka tura hoton tsohon da lambar jikinsa ta WhatsApp, ya fi kwatance da baki.

Tsohon kulant guba ne, kuma zaƙinsa na jan yara da awaki. Kaɗan ya isa ya lalata ƙoda. A tare shi a roba mai murfi, kada a bar shi kwance a tsakar gida, kada kuma a zuba shi a gorar lemo.

Bayan an cika, sai an fitar da iskar da ta maƙale, in ba haka ba motar za ta yi zafi ko babu sauran yoyo. Peugeot 406 na da 'yan sukurori na musamman don wannan, a kwance su har ruwa ya fito ba kumfa. A sauran motoci, a bar inji na aiki da hita a kunne har fanka ta tashi sau biyu, a kashe, a bari ya huce, a cike gurbin da ya ragu. Sannan ka ja sabon layi a jikin robar, ka ci gaba da hoton safiya na mako guda. Kwana ɗaya ko biyun farko ruwan na iya ɗan sauka saboda ragowar iska. Daga rana ta uku ya kamata ya tsaya cak a kan layin.